Duwatsun Tuntuɓe na Hamburg

Ranar da na sauka Hamburg, cikin watan Oktoba, ruwa ake yi irin wanda mu a Kano ba ma sa shi a lissafin ruwa. Yayyafi ne siriri, ba cida ba walƙiya, amma kafin ka ankara ya ratsa riga ya iske fata. Daga tashar jirgin ƙasa ta Dammtor na ja akwatina ina bin taswirar waya zuwa unguwar Grindel, inda aka samo mini ɗaki a gidan wata tsohuwa. Tun a cikin jirgi nake jera gaisuwar da zan yi mata da ɗan Jamusancin da na haɗa a wata shida. Na danna ƙararrawa, ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Moin." Shi ke nan. Ba ya hanya, ba ya ka baro mutanen gida. Na tsaya da gaisuwata a baki kamar wanda ya kai goron biki gidan da ba a san da zancen ba. Daga baya na gane cewa kalmar nan guda ita ce ina kwana, ita ce ina wuni, ita ce barka da dare a arewacin Jamus, har suna tsokanar junansu cewa wanda ya faɗe ta sau biyu ya cika surutu.

Kafin ta nuna mini gado sai da ta nuna mini wata takarda manne a ƙofar kicin. Ranar fitar da shara, da kwandon da kowace irin shara ke shiga: takarda daban, roba da gwangwani daban, ɓawon dankali da ragowar abinci daban. Kwalba kuwa sai ka ɗauka ka kai wasu manyan randunan ƙarfe a bakin titi, fara da fara, koriya da koriya, kuma ban da ranar Lahadi, don ƙarar fashewarta na damun maƙwabta. Gorar ruwa ta roba ba shara ba ce, kuɗi ce, santi 25 ne jinginarta, sai ka mayar kanti na'ura ta haɗiye ta ba ka rasit. Daga goman dare ba kiɗa, ba injin wanki, ba doguwar hira a waya da ƙarfi. Wannan ta ƙarshe ta ja mata layi da biro, ban san wa ya ba ta labarinmu ba.

Lahadin farko na kwana biyu ban manta da ita ba. Na fita sayen abinci na tarar gari tsit, kantuna duk a rufe, kamar ranar da aka sa dokar hana fita. Ashe doka ce, Lahadi ta hutu ce, sai dai shagunan manyan tashoshi da gidajen burodi na ɗan lokaci da safe. Na dawo da cikina yana kiran ciroma. Ban ce mata komai ba, ita ma ba ta ce ba. Can da azahar na buɗe ƙofar ɗakina, sai ga faranti a ƙasa: baƙin burodi mai nauyi kamar tubali, cuku, tuffa biyu, da 'yar takarda da ta rubuta cewa babu alade a ciki, ta duba. Haka alherin mutanen nan yake. Ba ya zuwa da fara'a a gaba, sai ka waiwaya ka same shi a bakin ƙofa.

Abin da ya fara sa na ji Jamusanci ɗan gida ne shi ne "ku". Su ma suna da ita. Babba, ko wanda ba ku saba ba, ba a ce masa du, wato kai, sai Sie, daidai da yadda yaro mai tarbiyya a wurinmu zai ce, "Baba, kun tashi lafiya?" Bambancin kawai, su har babba yana mayar wa yaro. Tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya tana ce mini, "Kun ci abinci?" ina waigawa in ga ni da wa. Kuma ba a sauka daga "ku" zuwa "kai" sai babban ya ba da izini da bakinsa.

A jami'a kuwa sai da na sake koyon zama ɗalibi. An rubuta lacca ƙarfe goma, na isa goma saura, na zauna ni kaɗai a aji har na fara zargin na ɓata ɗaki. Ashe 'yan haruffan nan biyu da ke gaban lokacin, c.t., nufinsu a ƙara kwata. Tsohuwar al'ada ce ta jami'o'insu, tun zamanin da ɗalibi ke jin ƙararrawar coci sannan ya taso daga gida. To, sha biyar ɗin nan ita kaɗai ce rangwamen, goma da kwata malami ya fara, ko mutum uku ne a ajin. Da ya gama sai na ji ƙwanƙwasa ta ko'ina, kowa yana bugun tebur da gaɓɓan yatsunsa. Tafinsu ke nan. Kuɗin makaranta babu, tun 2012 Hamburg ta soke shi, sai 'yan ɗaruruwan Yuro na kowane zango, kuma a ciki har da tikitin da za ka hau bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwan da ke kai da kawo a kogin Elbe. Na sha hawa mai lamba 62 daga Landungsbrücken zuwa Finkenwerder in dawo, ba don ina da wurin zuwa ba, don kawai in ga manyan jiragen dakon kaya da tsayinsu ya fi unguwa.

Wahalar ba a nan take ba. Ni an raine ni a kan cewa ɗalibi ba ya ja da malaminsa, in ma ya ga gyara sai ya kewaya ta bayan gida. Mako uku ina zaune ina gyaɗa kai ina rubutu. Ran nan malamin ya tsayar da ni a bakin ƙofa ya ce, "Shirun nan naku, yarda ce ko rashin karatu?" Na ce ladabi ne. Ya yi dariya ya ce shi ladabin da yake nema a aji shi ne a nuna masa inda hujjarsa ta rame. Mako na gaba na daure na ce masa yadda ya fassara wata jimlar Hausa ba haka muke nufi da ita ba. Gabana na faɗuwa. Mutumin nan ya ciro alƙalami ya gyara a takardarsa a gaban kowa, ya yi godiya, aka ci gaba.

I, Hausa na ce. Ana koyar da ita a can, a sashen nazarin Asiya da Afirka da ke gefen babban ginin jami'ar, kuma ranar da wata Bajamushiya mai idon mage ta tare ni da "Malam, ina gajiya?" sai da na nemi wurin zama. Amma a laccar farko, kafin a ce mana komai game da darasi, sai da aka gaya mana asalin gidan da muke zaune a ciki. An kafa jami'ar a 1919, kuma uwarta ita ce Cibiyar Mulkin Mallaka da aka buɗe a 1908 don horar da ma'aikata da 'yan kasuwar da za a tura Togo da Kamaru da Tanganyika da Namibiya ta yau. A 1909 aka ba Carl Meinhof kujerar farfesan harsunan Afirka. Malamar ta ce, ba tare da ta sassauta murya ba, an fara nazarin harsunanmu a ginin nan ne don a ji daɗin mulkarmu, kuma wajibi ne duk wanda ya zo karatu ya san haka. Na dubi sauran ɗalibai in ga ko wani zai ji kunya. Rubutu kawai suke yi.

Garin kansa garin fatake ne. Lambar motocinsu tana farawa da HH, tunawa da ƙungiyar biranen fatauci ta Hansa, wadda ƙawancen Hamburg da Lübeck na 1241 yana cikin tushenta. Suna da masaukai nasu a Landan da Bergen da Bruges da Novgorod, kusan yadda fatakenmu suka kafa zango-zango a hanyar Gwanja, kuma gishirin Lüneburg ya yi musu abin da gishirin Bilma ya yi wa Azbinawa. In ka shiga Speicherstadt, rukunin rumbunan jan bulo da aka fara ginawa a 1883 a kan turakun itace cikin ruwa, har yau hancinka zai tsinci ƙanshin gahawa da kayan yaji. Kokon da manjan da suka azurta wasu gidajen garin daga gaɓar tekunmu aka kwaso su.

A laburare na haɗu da ɗan garin da ya san Kano tun kafin a haifi kakan kakana. Heinrich Barth, haifaffen Hamburg a 1821, wanda ya kira kansa Abdulkarim. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar, suka taso daga Tarabulus a 1850 su uku, shi kaɗai ya koma da rai a 1855. James Richardson da Adolf Overweg, wanda shi ma ɗan Hamburg ne, duk a ƙasar Borno suka kwanta dama. Barth ya shiga Kano a Fabrairun 1851. Ya je Kukawa da Yola, ya je Sakkwato da Gwandu, inda ya samu Tarikh al-Sudan ya kwafi abin da ya iya, ya kai Timbuktu a 1853 ya zauna ƙarƙashin kariyar Shaihu Ahmad al-Bakka'i. Na ɗauko juzu'i na biyu cikin biyar ɗin da ya wallafa a 1857 da 1858, na buɗe, sai ga zanen Kano daga kan Dala. Waje ana zuba dusar ƙanƙara, ni kuwa ina bin unguwanni da yatsa. Ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, ya ce sukan ninka a lokacin da ayari ke shigowa. Ya bi sawun baƙin yadin marinar Kano har Murzuk da Ghat da Timbuktu. Ya yaba da yadda ake saƙa da rini a cikin gidaje, iyali na cin gumin hannunsu, saɓanin masana'antun Turai na zamaninsa da ke tatse mutum. Abin da ya burge ni da shi, bai zo da ƙyama ba. Ya iya Larabci, ya koyi Hausa da Barbarci da Fulatanci, yana zama da malamai su yi muhawara, yana rubuta sunan ƙauye da na rijiya da farashin gero.

Kuma bai tsallake kasuwar bayi ba. Ya rubuta ta kamar yadda ya rubuta kasuwar goro. Nan na ɗan rufe littafin. Na girma ina ratsa kasuwar Kurmi, ban taɓa tsayawa na tambayi inda ake tsugunar da mutanen da ake ciniki ba, ba wanda kuma ya taɓa tsayar da ni ya nuna mini. Ɗaya daga cikin irin waɗannan mutanen shi ne Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, da aka kama yana ƙarami aka yi ta sayarwa har Overweg ya 'yanta shi. Shi da Abbega suka bi Barth zuwa Turai a 1855, har Hamburg. Labarin da ya ba J. F. Schön da bakinsa yana cikin Magana Hausa, kuma yana cikin tsofaffin labaran tafiya da muke da su da Hausa. Ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano, ya rasu a 1912. Duk ranar da sanyi ya ci ƙarfina sai in tuna wani ɗan Hausa ya riga ni shan iskar kogin nan da shekara ɗari da sittin da wani abu, shi ko rigar sanyin kirki ban tabbata an ba shi irin tawa ba.

Amma darasin da ya fi zama mini ba a aji na same shi ba, makulli ne ya faɗo mini a ƙofar gida. Na sunkuya zan ɗauka sai na ga wasu 'yan faranta uku na tagulla dashe cikin daɓen hanya, kowane bai fi tafin hannu ba. Na fi wata guda ina taka su. Kowane ya fara da kalmomi biyu masu nufin "a nan ya zauna", sai suna, sai shekarar haihuwa, sai 1941, sai Minsk, sai kalma ɗaya: an kashe. Miji da mata da 'yarsu. Na lissafa shekarun yarinyar, ba ta kai goma ba.

Na hau sama na tambayi tsohuwa. Ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Ku zauna." Sunansu Stolpersteine, duwatsun tuntuɓe. Wani mai fasaha, Gunter Demnig, ya fara dasa su a shekarun 1990, santimita goma-goma, a ƙofar gidan ƙarshe da mutum ya zauna da son ransa kafin 'yan Nazi su ɗauke shi. Yanzu sun haura 100,000 a faɗin Turai, Hamburg kaɗai tana da sama da 6,000. Ba gwamnati ke saye ba, maƙwabta ne ko 'yan makaranta ko dangi suke bin takardu su gano wanda ya zauna a gidan, su biya kuɗin. Ba ƙafa ake so ta yi tuntuɓe ba, a daidai suke da ƙasa. Kuma duk mai son karantawa dole ya sunkuyar da kai.

Daga ranar tafiyata ta canja. Grindel, ashe, ita ce unguwar Yahudawan garin a da. Filin da nake ratsawa kullum zuwa kantin cin abincin ɗalibai, wanda na ɗauka ado ne aka yi masa da baƙaƙen duwatsu, zanen rufin babban wurin ibadarsu ne aka shimfiɗa a ƙasa daidai inda ginin yake. An farfasa shi a daren 9 ga Nuwamban 1938, aka rushe a 1939, aka kuma sa su biyan kuɗin rushewar. Filin yana ɗauke da sunan babban malaminsu, Joseph Carlebach, wanda aka kwasa zuwa Riga a Disambar 1941 aka kashe a 1942. 'Yar ciyawar da ke gefen jami'a, inda muke shan hantsi in rana ta yi mana karamci, nan aka tara mutane kafin a loda su a jiragen ƙasa, ayarin farko ya tashi ranar 25 ga Oktoban 1941 zuwa Lodz. Zauren da nake shiga lacca ran Talata sunan Agathe Lasch ne da shi, mace ta farko da ta zama farfesa a jami'ar, masaniyar Jamusancin arewa da ta ba da ƙuruciyarta ga haɗa ƙamusunsa. An kore ta daga aiki don Bayahudiya ce, aka kashe ta a Riga a 1942. Dutsenta na nan a bakin matakalar babban gini, ɗalibai na wucewa da kofin gahawa a hannu.

Mu mutanen rufin asiri ne, kuma ban raina wannan ba. Rufin asiri ya raya aure da zumunci da yawa a wurinmu, ya hana ƙananan raunuka zama gyambo. Shi ya sa abin ya ɗaure mini kai: mutane su ɗauki mafi munin abin kunyar kakanninsu su dasa a ƙofar gida, inda baƙo zai fara gani. Na ce da tsohuwa, "Ba ya damun ku?" Ta ce, "Don ya dame mu aka sa shi."

Ita ce ta kai ni cocin Nikolai, wata Asabar da gwiwarta ta yi sauƙi. Kango ne a tsakiyar gari, sai hasumiya baƙa ƙirin mai tsayin mita 147, wadda daga 1874 zuwa 1876 babu ginin da ya kai ta a duniya. A Yulin 1943 jiragen Ingila da Amurka suka yi wa Hamburg ruwan bama-bamai kwana da kwanaki. A daren 27 ga wata gobarar ta haɗe ta zama guguwar wuta mai tumɓuke itatuwa, kwalta ta narke tana kama ƙafafun masu gudu. Mutum sama da 34,000 suka mutu. Tsohuwa tana da shekara biyar a lokacin, suna unguwar Hamm. Abin da ta riƙe kawai shi ne jiƙaƙƙen bargon da uwarta ta lulluɓe ta da shi, da yadda ya bushe ƙayau kafin su kai ƙarshen layi. Da aka sake gina gari sai aka bar cocin haka da gangan. Na ɗauka a gidan tarihin da ke ƙarƙashinsa kukan kansu za su yi, kuma wa zai hana su? Sai na tarar an haɗa da hotunan Warsaw da Coventry, garuruwan da jiragen Jamus suka fara ragargazawa. Ko a makokin nasu mamatan, sai sun faɗi wanda ya fara kunna wutar.

A hanyar dawowa, cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta gaya mini abin da ban tambaya ba. Mahaifinta ɗan jam'iyyar Nazi ne. Tana da shekara ashirin da wani abu ta tsinci katinsa a cikin akwati. Ta tambaye shi a kan teburin cin abinci, ya miƙe ya bar ɗakin, har ya mutu ba su sake tayar da zancen ba.

A nan na gane kuskuren da na fara yi, na zaton wannan hali jininsu ne. Ba haka ba ne, kokawa aka yi kafin a same shi. Sansanin gwale-gwale na Neuengamme yana gefen garin, bas ke kai ka. Daga 1938 zuwa 1945 an tsare mutum sama da 100,000 a can da rassansa, aƙalla 42,900 suka mutu, da yawa wajen haƙar yumɓu da tura kurar laka zuwa masana'antar bulo. To, bayan yaƙi me aka yi da wurin? Gidan yari aka mayar da shi a 1948, aka ci gaba da kulle fursunoni a kan filin, waɗanda suka tsira suna roƙo shekara da shekaru a ba su wurin da za su tsaya su tuna 'yan'uwansu. Sai a 2003 aka rufe kurkukun farko, a 2005 aka buɗe filin ga masu ziyara. Shekara ashirin na farko bayan yaƙi shiru aka yi, alƙalai da malaman da suka yi wa Hitler aiki suka koma kujerunsu. Shari'ar masu gadin Auschwitz da aka yi a Frankfurt daga 1963 zuwa 1965 ce ta fara fasa ƙwai, sannan 'ya'ya suka taso wa iyaye da tambaya. A jami'armu, ranar 9 ga Nuwamban 1967, manyan farfesoshi na saukowa cikin alkyabbunsu a bikin naɗa sabon shugaba, ɗalibai biyu suka sha gabansu da ƙyalle mai cewa a ƙarƙashin alkyabbun nan akwai warin rumar shekara dubu. Kowa ya gane habaicin, don daular shekara dubu Hitler ya yi alkawari. Bayan shekara uku, a Disambar 1970, shugaban gwamnati Willy Brandt ya durƙusa a kan gwiwoyinsa a Warsaw, kuma a lokacin Jamusawa da yawa cewa suka yi ya wuce gona da iri.

Berlin kwana huɗu na yi mata, tare da wani abokin karatu ɗan Garwa ta Kamaru da muke hira da Hausa. Mun bi layin duwatsu biyu da ke ratsa tituna inda katangar Berlin ta tsaya daga 1961 zuwa 1989. Mun leƙa ta gilashi a dandalin Bebelplatz, inda ɗalibai, ɗalibai fa irinmu, suka ƙone littattafai kusan 20,000 ranar 10 ga Mayun 1933: ɗaki ne fari a ƙarƙashin ƙasa, kantoci jere, ba littafi ko ɗaya. A majalisar dokoki an bar rubuce-rubucen da sojojin Rasha suka yi da gawayi a bango a 1945, 'yan majalisa na wucewa ta gabansu kullum. Na yi ta santi, shi kuwa yana jina. Sai ya ja ni titin Wilhelmstrasse, inda ƙasashe 14 suka zauna a fadar Bismarck daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885 suna tsara ƙa'idar rabon Afirka ba tare da ɗan Afirka ko ɗaya a teburin ba. Allo ne guda a bakin titi, shi ma wata ƙungiyar 'yan Afirka ce ta tsaya aka kafa.

"Mutumina," in ji shi, "ka ga girman na can, ka ga girman namu."

Ban musa ba, don gaskiya ya faɗa. Sojojin da suka yi wa Herero da Nama kisan ƙare-dangi daga 1904 zuwa 1908 daga tashar jiragen ruwan Hamburg suka tashi, kuma sai a 2021 gwamnatin Jamus ta kira abin da sunansa a hukumance, har yau ma jikokin waɗanda aka kashe da yawa ba su gamsu da yarjejeniyar ba. Garinsu Garwa da bakin bindiga Jamus ta ci shi a 1901. Na dai ce masa ya duba dandalin da ke unguwar Wedding, wanda a Disambar 2022 aka cire masa sunan Gustav Nachtigal aka sa na Manga Bell, sarkin Duwala da Jamusawa suka rataye a 1914. A watan nan kuma ministar harkokin wajensu ta kai tagullolin Benin Abuja da hannunta. Ya ce an makara. Na ce an makara, amma Neuengamme ma an makara, kuma waɗanda suka matsa har aka yi, da 'yan ƙasar a cikinsu. Ba mu daidaita ba. Muka je maƙabartar Kreuzberg muka nemo kabarin Abdulkarim, wanda ya rasu a 1865 yana da shekara 44, muka tsaya jim, sannan muka tafi neman shawarmar Turkawa.

Tara ga Nuwamba rana ce mai nauyi a wurinsu. A ranar aka shelanta jamhuriya a 1918, a ranar yunƙurin juyin mulkin Hitler ya wargaje a 1923, a ranar aka ƙone wuraren ibadar Yahudawa a 1938, a ranar katanga ta faɗi a 1989. Saboda ta 1938 ɗin ne ba su mai da ita ranar bikin ƙasa ba, suka ɗauki 3 ga Oktoba. A Grindel, in magariba ta yi, mutane kan fito su ajiye kyandir a gefen duwatsun.

A shekarata ta biyu, da ranar ta zagayo, wajen huɗu da rabi na yamma, gari ya riga ya yi duhu, tsohuwa ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Tana riƙe da tsumma da 'yar kwalbar man goge ƙarfe da kyandir uku a cikin kofunan gilashi. Muka sauka a hankali, tana dafe da kafaɗata. Layin duk ya ɗauki ƙananan fitilu, ga wani uba can tsugune da 'ya'yansa biyu, ba mai magana da ƙarfi. Ta miƙo mini tsumman.

"Bana kai za ka goge," in ji ta. "Gwiwata ta ƙi."

Sai da na durƙusa sannan na ji abin da ta ce. Kai. Na ɗago na dube ta.

"Shekara guda ta isa," ta ce. "Kai ma ka daina ce mini ku."

Na ce, "Inna, wannan kam sai dai ku yi haƙuri, bakina ba zai iya ba." Ta tambayi ma'anar Inna, na gaya mata, ta ce to ta karɓi wannan.

Tagullar ta yi baƙi da sawun shekara. Na zuba man na murza, haruffan suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, na uban, na uwar, sannan na yarinyar. Ta kunna kyandir ta ba ni na jera. Ta ce a karanta sunayen a bayyane, haka take yi duk shekara. Na karanta na farko, na karanta na biyu. A na uku harshena ya karye a kan wasalin nan nasu mai ɗigo biyu a ka.

"A'a," ta ce. "Ba haka ake kiran ta ba. Zumɓura baki. Sake."